Janye kayan yara daga kasuwa: Wa ke ƙirga abin da ya dawo?

A watan Janairun 2023 hukumar da ke kula da ingancin kayan masarufi a Amurka, wato CPSC, ta maimaita wata sanarwa da ta riga ta fitar kusan shekara huɗu kafin nan. Sanarwar ta shafi wani ɗan gadon kwantar da jarirai ne mai suna Rock 'n Play, ƙirar kamfanin Fisher-Price. Tun a watan Afrilun 2019 aka yi shelar janye shi daga kasuwa, guda miliyan 4.7, bayan an danganta shi da mutuwar jarirai fiye da 30. Ranar da aka zo maimaita shelar, rahotannin mutuwar sun kai kimanin 100, kuma aƙalla takwas daga ciki sun auku ne bayan an yi shelar farko. Gadon da aka haramta sayarwa yana nan cikin ɗakunan mutane, iyaye na kwantar da 'ya'yansu a ciki.

Wannan fa a ƙasar da kusan kowa yake da adireshi, da akwatin wasiƙa a ƙofar gida, da rasit na abin da ya saya. Kalmar janyewa tana yaudarar kunne. Idan muka ji a rediyo cewa an janye wani kaya, sai mu ƙiyasta cewa an tattara shi an zuba a sito an kulle. Alhali abin da ya faru a ranar shi ne wani jami'i ya sa hannu a takarda. Tsakanin wannan takarda da kwalbar maganin da ke kan kantar wata uwa akwai tafiya mai nisa, kuma kusan babu mai bibiyar labarinta. 'Yan jarida sun ɗauki sanarwar sun wuce, hukuma ta sa ta cikin jerin nasarorinta na shekara, shi ke nan.

Yana da kyau mai karatu ya san yadda wannan gado yake kisa, domin ganinsa ba ya ba da tsoro. An fito da shi ne a 2009. Shimfiɗarsa mai laushi ce, a kishingiɗe take da kimanin digiri 30, ga shi yana lilo. Likitocin yara kuwa tun shekarun 1990 suke faɗa cewa jariri ya kwana a rigingine, a kan shimfiɗa miƙaƙƙiya mai tauri. Dalili shi ne kan jariri ya fi ƙarfin wuyansa. Idan aka kishingiɗar da shi, haɓarsa kan iya sauka a ƙirji ta matse hanyar numfashi. Idan kuma ya fara juyi ya kife, fuskarsa ta nutse cikin laushin ƙyalle, ba shi da ƙarfin da zai juyo. Babu kuka, babu ƙara. Iyaye kuwa sun ƙaunaci gadon saboda yana yin abin da aka saye shi dominsa: yaro yana barci, uwa ta sami hutu.

Shekara goma ana sayar da shi. Ko a farkon Afrilun 2019, abin da hukumar da kamfanin suka fitar gargaɗi ne kawai, wanda ya ambaci mutuwar jarirai goma, ya kuma ce a daina amfani da gadon idan yaro ya kai wata uku ko ya fara juyi. Kwanaki kaɗan bayan haka mujallar Consumer Reports ta wallafa bincikenta mai nuna mutuwa 32, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce lallai a janye, sannan aka janye ranar 12 ga wata. Ko da aka janye ɗin ma, wanda ya sayi gadon cikin wata shida na ƙarshe ne kaɗai ake mayar wa kuɗinsa cif. Sauran takardar sayen wani kayan kamfanin ake ba su. Wace uwa ce, da goyo a baya da aiki a gaba, za ta kwance gado ta nufi gidan waya saboda irin wannan takarda? Da yawa sun ajiye shi a lungu, wasu sun ba ƙanwa ko maƙwabciya. Sai a watan Mayun 2022 Shugaba Joe Biden ya sa hannu a dokar da ta haramta duk gadon jarirai da kishingiɗarsa ta wuce digiri 10.

Amurkawa sun san wannan ciwo tun da daɗewa. A watan Mayun 1998 wani yaro ɗan wata 16, Danny Keysar, ya rasu a wani gidan rainon yara a birnin Chicago, lokacin da gadon tafi-da-gidanka da aka kwantar da shi ya naɗe ya shaƙe masa wuya. An janye irin wannan gado tun 1993, shekara biyar kafin ranar. Mai gidan rainon ba ta ji ba, iyayen yaron ba su ji ba, kuma dukansu biyu malaman jami'a ne. Na tsaya a kan wannan ne domin mu da ke cikin jami'a muna saurin ɗora kowane irin sakaci a kan jahilci. Ga mutanen da karatu ne sana'arsu, labarin bai iso gare su ba. Bayan shekara goma, a 2008, majalisar dokokin Amurka ta yi babbar dokar ingancin kayan masarufi, aka raɗa wa wani sashenta sunan yaron. Sashen ya tilasta wa masu ƙera gadaje da kekunan jarirai su sa katin rajista cikin kwali, domin idan matsala ta taso a san wanda za a rubuta wa. Dokar ta kuma wajabta buga lambar da ke nuna inda aka yi kayan yara da lokacin da aka yi su, ta haramta sayar da kayan da aka janye ko da a shagon gwanjo ne. Duk manufar ɗaya ce, a iya bin sawun kaya tun daga masana'anta har ɗakin da ya kwana.

A nan ne maganar ta fara shafarmu, domin mu ne kasuwar gwanjon duniya. Ta tashoshin ruwa na Legas da Kwatano kwantena-kwantena suke shigowa da kayan da aka gama yayinsu a Turai da Amurka, ciki har da kekunan koyon tafiya, da kujerun jarirai, da kayan wasa. Suna isowa ba kwali, ba takardar bayani, tambarin ma sau da yawa ya kankare. Kayan da aka janye ba ya zuwa da alama a goshi. Wanda ya cika kwantenar bai duba wani jeri ba, mai shagon bai san akwai jerin ba, mai sayen kuwa murna take yi ta sami na waje, wanda a ganinmu ya fi sabo na kanti ƙarko. Sau da yawa ma gaskiya ne ya fi ƙarkon. Gadon da ya shaƙe yaro a Chicago ba don ya tsufa ya shaƙe shi ba, tun daga ƙirarsa aibin yake.

Amma ba sai mun je neman misali a ƙetare ba. Namu ya fi ɗaci.

A watan Nuwamban 2008 likitoci a asibitocin koyarwa na Legas da Ibadan da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka fara ganin abin da ba su saba gani ba: ƙananan yara bi da bi, ƙodarsu ta tsaya, fitsari ya ɗauke. Da aka bi diddigi sai aka gano mafi yawansu an ba su wani maganin ruwa mai suna My Pikin, wanda ake sayarwa a matsayin maganin fitar haƙori, na kamfanin Barewa Pharmaceuticals da ke Legas. Maganin farasitamol ne a asali. Farasitamol ba ya narkewa sosai a ruwa, don haka masu haɗa magani sukan narka shi da wani sinadari mai kauri da ɗan zaƙi da ake kira furofilin gilaikol. Yana da wani ɗan'uwa mai kama da shi a ido da harshe, dayetilin gilaikol, wanda ya fi araha, kuma aikinsa a man birki ne da ruwan sanyaya inji. Idan ya shiga jiki, hanta takan sarrafa shi ya zama gubar da ke lalata ƙoda. Shi ne ya shiga My Pikin, bayan kamfanin ya sayo kayan haɗinsa daga hannun dillalin da ba shi da rajista.

Mugun abin da ke cikin wannan guba shi ne yadda take shigar burtu. Alamunta na farko amai ne da gudawa da kasala, waɗanda su ne dai iyaye mata a ƙasar nan suke dangantawa da fitar haƙori. Uwa ta ba da cokali ɗaya, yaro ya ƙara laushi, sai ta ce haƙorin ne ya yi tsanani, ta ƙara masa wani cokalin. Kafin a lura cewa ya kwana ya yini bai jiƙa zani ba, aikin gama ya gama. Injin wankin ƙoda na yara kuwa ba kowane asibiti ke da shi ba, balle kuɗinsa.

Hukumar NAFDAC, a lokacin tana ƙarƙashin Farfesa Dora Akunyili, ba ta yi nawa ba. Cikin watan na Nuwamba ta rufe masana'antar, ta yi shelar janye maganin. A ƙarshen watan ana maganar yara 25 ne suka rasu. Zuwa watan Fabrairun 2009 Ministan Lafiya, Farfesa Babatunde Osotimehin, ya sanar da cewa adadin ya kai 84. Wani ɓangare na ƙarin ya zo ne daga rahotannin da suka makara, amma ba duka ba ne za a jingina wa makara. Rahoton da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta wallafa a ƙarshen 2009, bayan binciken haɗin gwiwa da jami'an Najeriya, ya nuna cewa kimanin rabin kwalaben da aka yi ne aka samu aka karɓo. Sauran rabin fa? Wasu an shanye, wasu an zubar, wasu kuma sun ci gaba da zama a kantar kyamis ɗin ƙauye da cikin kwallar uwargida, a gefen man zafi da turare. A watan Mayun 2013 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta yanke wa ma'aikatan kamfanin biyu ɗaurin shekara bakwai-bakwai. Hukuncin ya yi kyau, sai dai ihu ne bayan hari.

Abin takaici, ba wannan ne karo na farko ba. A 1990 wannan sinadari dai ya kashe yara 109 a Najeriya ta hanyar farasitamol na ruwa, 47 daga cikinsu a asibitin koyarwa na Jos, kuma wannan masifa tana cikin abin da ya share fagen kafa NAFDAC a 1993. Kafin mu, a 1937, shi ne ya kashe mutum fiye da 100 a Amurka, har ta kai ga sabuwar dokar magunguna a shekarar da ta biyo. Bayan mu ya je Gambiya a 2022, inda yara kimanin 70 suka rasu bayan shan magungunan tari da mura na wani kamfanin Indiya, ya je Indonesiya inda adadin ya haura 200, ya ɓulla a Kamaru a 2023. Sinadari ɗaya, hanya ɗaya, shekara fiye da 80.

Gambiya ta yi abin da ya cancanci a lura da shi. Bayan gargaɗin Hukumar Lafiya ta Duniya a watan Oktoban 2022, hukumomin ƙasar da 'yan agajin Red Cross sun bi gida-gida suna karɓar kwalabe. Ƙaramar ƙasa ce, na sani, duka jama'arta ba su kai na birnin Kano da kewaye ba. Amma mu ma ba baƙin wannan aiki ba ne. Shekara da shekaru muka yi muna aika mata masu ɗigon allurar shan inna lungu-lungu, da rakiyar masu unguwanni, suna rubutu da alli a jikin ƙofa, har aka ayyana Najeriya ta rabu da ainihin ƙwayar cutar a watan Agustan 2020. Ƙasar da ta iya kai ɗigo biyu bakin yaro a rugar da mota ba ta zuwa, ta iya karɓo kwalba daga wannan ruga. Ba a taɓa ɗaukar janye kaya a matsayin aikin gaggawa irin wancan ba ne kawai.

Dubi yadda sanarwar take fita a yau. A watan Afrilun 2024 NAFDAC ta janye wani rukuni na maganin tarin yara na Benylin Paediatric, ta ce gwajinta ya nuna dayetilin gilaikol fiye da kima, ko da yake kamfanin ya ce nasa gwajin bai nuna haka ba. Hukumar ta yi daidai da ta yi magana, kuma ƙasashe irin su Kenya da Ruwanda da Afirka ta Kudu sun bi sahunta. Sai dai an yi wannan rukuni ne a watan Mayun 2021, wa'adinsa kuma yana cika a watan da aka janye shi, wato ya shekara kusan uku yana yawo a kasuwa. Sanarwar da Turanci ta fito, a shafin intanet, ɗauke da lambar rukuni mai alƙaluma shida. Ana so uwa a Gwarzo ko Gumel ta ji, ta ɗauko kwalba, ta nemo waɗannan ƙananan alƙaluma a gefen kwalin da wataƙila ta jefar tuntuni, ta gwada. Gidajen rediyon Hausa sukan fassara irin wannan labari sau ɗaya ko biyu a ranar da ya fito, don ƙashin kansu. Talla kuwa ta maganin da ke warkar da cuta 40 tana nan safe da yamma, domin an biya kuɗinta.

Akwai kuma wani mutum da ba a cika sa shi a lissafi ba, shi ne mai kyamis. A mafi yawan garuruwanmu shi ne likita, shi ne mai ba da magani, shi ne kuma mai ba da bashi. Ya sari katan da kuɗinsa, wataƙila a hannun wanda shi ma a hannun wani ya sara, ba rasit, ba lambar rukuni a littafin kowa. Yau an ce masa ya miƙa katan ɗin ga ofishin hukuma mafi kusa, wanda ke babban birnin jiha. Wa zai biya shi kuɗin kayan? Wa zai biya kuɗin mota? Idan ya je, wane tabbaci yake da shi cewa ba za a mayar da shi mai laifi a rufe masa shago ba? Mutumin kirki a cikinsu zai zuba a masai ya haƙura da asara. Wanda jarinsa bai kai ya jure ba zai ce ai ba duka kwalaben ne suka lalace ba. Duk tsarin janyewar da ya dogara a kan ƙaramin ɗan kasuwa ya yi asara don Allah, tsari ne da aka gina a kan fata. Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wadda ta kafa hukumar FCCPC bayan Shugaba Muhammadu Buhari ya sa mata hannu a farkon 2019, ta ɗora wa mai ƙera kaya da mai rarraba su alhakin sanar da jama'a da janye duk abin da aka gano yana da haɗari. Abin da ya rage shi ne a fassara wannan alhaki zuwa kuɗi a hannu: kwalba ta dawo, a biya farashinta nan take, ba tambaya, kamfani ko mai shigo da kayan ya ɗauki nauyin. Muna da shaidar cewa wannan yana aiki a ƙasar nan. Babu kwalbar lemo da ke kwana a bola muddin akwai mai sayenta.

Batun bin sawu kuma shi ya sa nake ganin rikicin tashin 'yan magani daga kasuwar Sabon Gari a Kano zuwa cibiyar sari ta Dangwauro ya wuce rikicin haya da rumfa, duk da cewa ƙorafin 'yan kasuwar game da tsadar shaguna ba abin watsarwa ba ne. Daga Kano magani yake tafiya jihohin Arewa da dama, har ya tsallaka Nijar da Chadi. Idan akwai ƙofa ɗaya da kaya ke bi, aka kuma rubuta lambar rukunin kowane katan da sunan wanda ya ɗauka, to ranar da masifa ta auku za a iya kiran mutum 200 a waya kafin azahar. Idan kuwa aka tashi mutane daga wannan wuri aka kai su wancan ba tare da littafin ba, an canja wa matsalar unguwa ne.

Sannan ina roƙon hukumominmu, NAFDAC da SON da FCCPC, su koyi ba da rahoto na biyu. Na farko mun saba da shi, an janye kaza. Na biyun shi ne wanda zai fito bayan wata ɗaya, da bayan wata uku, yana cewa guda nawa aka yi ko aka shigo da su, guda nawa suka dawo, daga waɗanne jihohi, kuma waɗanne jihohi ne ba a sami ko ɗaya daga cikinsu ba. Na san dalilin da ya sa ba a son wannan rahoto, alƙalumansa ba za su yi daɗin ji ba. Amma hukumar Amurka da ta fito a 2023 ta faɗi cewa jarirai sun ci gaba da mutuwa bayan shelarta ba ta rage daraja ba, ta dai ba wasu iyayen damar ji a karo na biyu. 'Yan majalisar da ke kwamitocin lafiya suna da ikon neman waɗannan alƙaluma. Editocin jaridu ma suna iya sa wakili ya koma bayan kwana 30 ya tambaya. Mu kuma a jami'o'i, da muke neman batun bincike ga ɗalibai kowace shekara, ga batu nan a ƙofar gida: a ɗauki sanarwa ɗaya, a zaga kyamis 100 a ƙaramar hukuma ɗaya, a ga mutum nawa suka ji, kuma a bakin wa.

Kafin a kai ga haka, iyaye su ne shingen ƙarshe, ko da yake bai kamata a bar su su kaɗai ba. Fitar haƙori ba ta kawo zazzaɓi mai zafi ko gudawa mai tsanani. Idan aka ga waɗannan, wata cuta ce daban da ke bukatar likita, kuma yawancin abin da ake sayarwa da sunan maganin haƙori yaro ba ya bukatarsa. A riƙa ajiye kwalin magani har sai an gama da shi, domin a jikinsa lambar rukuni da wa'adi suke. Jariri ya kwana a rigingine a kan shimfiɗa miƙaƙƙiya, komai kyan kujerar da aka kawo masa daga gwanjo. Idan kuma yaro ya sha wani maganin ruwa sai aka ga fitsarinsa ya ragu ƙwarai ko ya ɗauke, a dakatar da maganin a nufi babban asibiti a ranar, a kuma tafi da kwalbar. Da irin waɗannan kwalabe da iyaye suka zo da su aka gano bakin zaren a 2008.